Sabuwar Libarbar Malam da Igiyar Shanyata

Shekarar da maigidana ya yi ritaya daga gidan rediyo na zaci lambu zai kama, kamar sauran tsofaffin layinmu a Barking, nan ƙasar Turawa. Har na fara duba inda za mu sa tumatir a 'yar farfajiyar bayan gida. Sai ga shi wata rana ya dawo daga yawo yana murmushi shi kaɗai, ya ce ya shiga wani kulob na masu harbi can hanyar Essex. Na ce harbin me? Ya ce harbin takarda. Na ce to, Allah ya ji ƙan takarda.

Malam, haka nake kiransa tun ina amarya, ɗan maharba ne daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau, kuma ba wanda ya taɓa cin tuwo a gidanmu bai tafi da wannan labarin ba. Kakansa ya kashe kura. Mahaifinsa yana bin sawun gada ko a kan fa. Shi kuma, in ji shi, abin yana cikin jininsa, aikin jarida ne kawai ya tare masa hanya. Abin da ba ya haɗawa da labarin shi ne har furfura ta fito masa bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma mahaifin ne da kansa ya hana.

Na san surukina kafin ya rasu. Dogon mutum ne mara yawan magana, hannunsa na hagu yatsu biyu kawai suka rage. Al'adar maharban garinsu ita ce ba a fara harba sabuwar bindiga a hannu. In maƙeri ya gama ta, sai a ɗura mata albarushi, a ɗaure ta tam a jikin bishiya, a sa doguwar igiya a kunamarta, mutum ya koma bayan wata bishiyar ya ja. In za ta fashe, ta fashe ita kaɗai. Shi kuwa ranar da aka ba shi tasa akwai 'yan kallo, ga ƙuruciya, ya ce ya yarda da maƙerinsa, ba sai an ɗaure ba. Da ya warke sai ya kama hannun ɗansa ya kai shi makarantar boko, ya ce alƙalami dai bai taɓa jin ya fashe ba. Na sha gaya wa Malam cewa da bindigar nan ta yi lafiya, da ni da shi ba mu san inda Barking take ba.

A ƙasar nan an hana riƙe ƙaramar bindiga, sai irin ta zamanin da, wadda ake ɗura wa albarushi da dalma da hannu, ita ma sai da lasisi. Malam ya yi wata da watanni yana zuwa kulob, yana harba wata tsohuwar libarba tasu da ta bi hannun mutane ba adadi, kuma bai taɓa dawowa da ƙorafi a kanta ba. Daga nan ya nemi lasisin mallakar tasa. Wani ɗan sanda ya zo gida ya duba akwatin ƙarfen da aka kafe a bango, ya girgiza shi, sannan ya nemi ya yi magana da ni ni kaɗai. Ya tambaye ni ko maigidana mai zafin rai ne, ko akwai ranar da na taɓa jin tsoronsa. Na ce masa mutumin da in ya ga gizo-gizo a banɗaki ni yake kira. Ya rubuta wani abu, ban san me ya rubuta ba, amma lasisi ya fito.

Abin da ya fi yi wa Malam daɗi a dokar shi ne ba a yarda kowa ya san inda mukullin akwatin yake ba, har da matar gida. Ni da nake riƙe da mukullin komai a gidan nan, har na motarsa. Ya karanta mini wannan sashen da muryar labaran duniya, ya maimaita. Ni kuwa mai bin doka ce. Tun daga makon na daina goge saman kantar littattafansa, ta wajen manyan ƙamusoshi, kuma har yau ban san inda mukullin yake ba.

Ranar da ya kawo sabuwar libarbar ya shimfiɗa tawul ɗina mai kyau a teburin cin abinci ya ɗora ta. Gaskiya tana da kyau, baƙa wuluk tana sheƙi, mariƙin katako ja. Ya nuna mini silinda, wato dunƙulen ƙarfen nan mai ramuka shida da ke juyawa yana kawo kowane rami saitin bututu. Ya juya shi yana ƙas, ƙas, kamar agogon bango. A cikin wannan zumuɗin ne ya ɗauki waya ya kira amininsa.

Aminin nan nasa Bakano ne, tare suka yi aiki a gidan rediyo, kuma wasan Kano da Zazzau a tsakaninsu ba ya hutu ko a gidan makoki. Shekara da shekaru yana jin labarin kura da gada, bai taɓa gaskatawa ba. Yana cewa iyakar farautar Bazazzagi ita ce ta ɓeran rumbu. Malam ya shaida masa cewa kulob yana da ranar baƙi a ƙarshen wata, ya riga ya yi musu booking, ya zo ya ga yadda 'ya'yan maharba suke buɗe sabuwar bindiga. Ya ce ya taho da duk wanda ya ga dama.

Yana ajiye wayar ya ɗaga libarbar wajen taga don ya ƙara sha'awarta. Ina kallon fuskarsa ta sauya. Tsakanin gaban silinda da gindin bututu akwai wata 'yar rata, siririya kamar zare, hasken rana yana ratsowa ta cikinta. Ya rufe ido ɗaya ya sake dubawa. Ya kama silindan da yatsu biyu ya jijjiga, ya ɗan motsa gaba da baya, motsin da sai wanda ke nema zai ji.

"Hajiya, zo ki saurara. Kin ji?"

Na kasa kunne. Na ce ina jin miyata tana tafasa.

Daga ranar gidanmu ya koma ma'aikatar awo. Ya fara da takardar ambulan, ta shige. Ya ninka ta biyu, ta ƙi, ya ɗan saki rai, sannan ya tuna ai ambulan kala-kala ne. Ya gwada reza. Ya je shagon kayan mota ya sayo wasu siraran ƙarafa masu lamba a jiki, irin na makanikai, yana zura su ɗaya bayan ɗaya da tabarau biyu a hanci. Da safe ratar ta yi yawa, bayan la'asar ta yi kaɗan. Ya ce ƙarfe yana buɗewa da zafi, ya nemi in rage hitar ɗumama gida. Na ce ni ma jikina yana tsukewa da sanyi, kuma ni na riga ta zuwa gidan.

Sai ya shiga intanet, inda ya tarar da wasu Amurkawa suna ta musu a kan wannan ratar kamar gadon gona. Wani ya ce in ta yi faɗi wuta da gutsattsarin dalma za su riƙa fita ta gefe. Wani ya ce in ta matse tokar albarushi za ta cushe ta, silinda ya ƙi juyawa. Wani ya ce ɗan motsin nan dole ne, wani ya ce shi da zai ji irinsa a tasa da ya mayar. Malam ya shiga da damuwa ɗaya ya fito da huɗu. Ya kira mai shagon da ya sayar masa, mutumin ya ce haka ake ƙera su, in babu rata ai silinda ba zai juya ba. Malam ya gode masa da ladabi, ya kashe waya, ya ce mini a aikin jarida ba a karɓar shaidar mai kaya a kan kayansa.

Ni dai na samu abin yi. In zan zuba masa shayi sai in tambaye shi ko in bar rata tsakanin shayin da bakin kofi. In ƙofar kicin ta yi ƙara sai in ce a kawo ƙarafan awo. 'Yarmu ta kira daga Croydon, ya kwashe bayani ya yi mata da Hausa tiryan-tiryan, ta saurara har ƙarshe ta ce, "Baba, just take it back." Ya ce ba a mayar da bindiga a gidansu. A gefe guda kuma Bakano bai zauna ba. Ya sa labarin a guruf ɗinsu na tsofaffin ma'aikata, kullum sai ya kira ya tambayi lafiyar amarya, wato libarbar, wai ko ta fara magana.

Wata ranar da rana na fito daga kicin na same shi a teburin, libarbar tana kan tawul, ƙarafan awo a gefe bai taɓa su ba. Hannunsa na hagu yake kallo. Ya naɗe yatsu uku cikin tafin, ya bar biyu a miƙe, yana juya hannun a hankali. Haka hannun surukina yake. Na koma kicin ban bari ya gan ni ba. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, har na ji haushin kaina da zancen shayin. Tsohuwar bindigar kulob ba ta taɓa ba shi tsoro ba, domin wasu sun riga sun ba da hannayensu a kanta. Wannan kuwa sabuwa ce, kuma ya tara 'yan kallo, daidai yadda mahaifinsa ya yi. In ya harba, yana ganin yatsunsa ne a kai. In ya fasa, labarin kura da gada da ya rayu da shi a ƙasar mutane ya mutu a hannun Bakano. Na san Malam ya fi iya jure tsokana a kan tausayi. Da na kawo abinci na tambaye shi ko cokalin ya yi masa sako-sako.

Ranar baƙin na tashi da wanki. Na fita farfajiya da kwando na tarar da sanduna biyu tsaye, babu igiyar shanya. Na duba ƙasa, na leƙa gidan maƙwabta ko iska ce. Da na dawo ciki na ga jakar Malam a bakin ƙofa, bakin wata shuɗiyar igiya ya leƙo ta gefen zif, har da maƙalen shanya guda ɗaya da ya manta bai cire ba. Na tambaye shi. Ya ce kayan aiki ne. Na ajiye kwandon na ce ni ma za ni, ai baƙi aka ce, kuma ban taɓa zuwa ba. Ya buɗe baki zai yi magana, na riga na ɗauko mayafi.

Kulob ɗin wata doguwar rumfa ce a bayan gonaki, gabanta fili, can ƙarshe tudun yashi da allunan da aka manna wa takardu. Wurin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, wai haka hayaƙin albarushi yake. Bakano ya riga mu zuwa, shi da wasu mutum biyu daga guruf, ya sha babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Mai kula da filin wata dattijuwar Baturiya ce, gajeriya, gashinta fari fat, ba ta ɗaga murya amma in ta ce a tsaya kowa tsayawa yake. Ta raba mana abin toshe kunne da tabarau, ta nuna wa baƙi layin da ba a tsallakewa.

Malam ya yi ɗuri a tsanake, rami ɗaya kawai, dattijuwar tana kallo tana gyaɗa kai. Ya ajiye libarbar a kan benci bakinta yana kallon yashi. Sai ya sunkuya ya zaro igiyar shanyata, ya warware ta, ya gyara murya. Da Turancinsa na rediyo ya yi mata bayanin al'adar garinsu tun daga maƙeri har bayan bishiya, ya nuna ginshiƙin rumfar ya ce wannan ma zai wadatar. Matar ta saurara har ƙarshe, ko murmushi ba ta yi ba, abin da ya sa na ji ta kwanta mini a rai. Ta ce mutanen garinsu masu hankali ne. Ta juya libarbar kaɗan ta nuna masa wasu 'yan tambura da aka buga a jikin ƙarfen, ta ce a nan ma ba a sayar da bindiga sai an kai ta gidan gwaji an ɗura mata fiye da ƙima an tayar da ita daga bayan bango, wannan tambarin shi ne shaida. Ta duba ratar a haske ta ce lafiyarta ƙalau. Amma ɗaure bindiga mai ɗuri a ginshiƙi, a ja ta da igiya, ba a filinta ba.

Malam ya ji daɗin cewa Turawa ma sun san al'adar, har ya juyo ya fassara mana. Sannan ya ƙara da Hausa, ƙasa-ƙasa, cewa shi dai ba a gabansa aka yi ba.

Bakano kuwa dariya ta riga ta ci ƙarfinsa, ya dafa kafaɗar na kusa da shi. "Jama'a, a taimaka a nemo wa Bazazzagi bishiya," ya ce. "Ko kuka ce ko tsamiya, a yi order, mu za mu jira."

Sauran biyun suna ta ƙoƙarin gimtsewa. Malam yana tsaye da igiya a hannu, gumi a goshinsa cikin wannan sanyi. Na san tsayuwar nan. Na ga ya fara haɗa maganar da zai fita da ita, cewa gara a mayar wa mai shago ya sake dubawa, a sa wata rana. Kuma na san in ya faɗe ta ba wata rana, akwatin ƙarfen zai zama kabari, shi kuma ba zai sake ambaton kakansa a teburina ba.

Na tsallake zuwa wajen dattijuwar na ce mata an ce baƙi suna iya gwadawa in tana tsaye a kansu, to ni ina so, kuma da wannan sabuwar. Na juya na ce wa Malam ai shi ya saba, ni ce ban taɓa ba, ya bar ni in buɗe ta, in ya so ya biyo baya. Ba wai babu tsoro a raina ba. Na yarda da tambarin, na yarda da matar, amma wata guda ina jin zancen wuta da gutsattsarin dalma a kan teburin cin abincina, dole wani abu ya zauna. Bakano ya daina dariya.

Dattijuwar ta tsayar da ni a gaban benci, ta gyara mini ƙafafu. Kafin in taɓa komai ta kama hannayena ta nuna mini yadda zan riƙe. A makon an yi suna a Ilford, yatsuna duk jan lalle ne. Ta ɗaga manunina na hagu ta mayar da shi baya, ta sa nata yatsan ta nuna daidai ratar nan da Malam ya daɗe yana aunawa, ta ce kada in kuskura wani yatsa ya je kusa da nan, domin ko a lafiyayyar bindiga wuta tana fita ta wurin.

"Hajiya, matsa."

Bai ɗaga murya ba. Na waiga, ba fuskata yake kallo ba, hannuna yake kallo. Ya miƙo mini igiyar, na karɓa. Ya ce wa matar bindigarsa ce, shi zai fara. Na koma bayan layi ina naɗe igiyar a gwiwar hannu, don in samu abin yi.

Ya ɗauka, ya yi bisimilla, ya miƙe hannu. Ya daɗe a haka har na zaci ya fasa. Sai ƙara, wadda na ji ta a ƙirji duk da abin kunnen, farin hayaƙi ya rufe shi har ban ga kansa ba. Hular Bakano tana ƙasa, shi kansa ya rage tsawo a bayan mutum biyun da ya kawo. Da hayaƙin ya yaye Malam yana tsaye inda yake. Ya ajiye libarbar a hankali, ya mayar da hannun hagu bayansa, kuma ni da nake bayan na ga babban yatsan yana bin sauran ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshe ya sake dawowa.

Dattijuwar ta duba takardar da madubin hangen nesa ta ce babu ko ƙwarzane, dalmar ta tafi yashi. Bakano yana kakkaɓe hula ya ce alhamdu lillahi takarda ta tsira, haka ma kurar kakan ta tsira. Malam ya ce a ƙasar Zazzau harbin farko na gaisuwa ne, kuma ya lura gaisuwar ta isa Kano, tunda har an cire hula an durƙusa. Ya sake ɗuri, wannan karon duka ramukan. Biyu sun taɓa gefen takardar, kuma kafin mu bar wurin sun zama huɗu a bakinsa.

Muka shiga mota muka hau babban titi. Rigarsa tana warin ƙwai, igiyar tana kan cinyata. Na ce masa wankina yana can a kwando tun safe, shi zai ɗaura mini igiyar da kansa. Ya ce to. Can ya tambaye ni, in da bai hana ni ba, da gaske harbawa zan yi? Na ce ai na riga na tsaya.

"Da ta fashe fa?"

"Ba an ce an gwada ta ba?"

"An ce," in ji shi.

Muka iso danjar shiga Barking ta tsayar da mu. Ya saki sitiyari ya kamo hannuna na hagu, ya buɗe shi a kan gwiwarsa, ya bi yatsun nan masu lalle yana danna kowanne kamar mai zaɓen kuɓewa a kasuwa.

"Kada ki sake yi mini haka," ya ce.

Na ce to. Danja ta ba da hannu bai gani ba, yana riƙe da yatsuna har motar bayanmu ta yi mana hon.